Sunan da Ba a Yanka Masa Rago Ba

Ranar da jaririya ta kwana bakwai a duniya, akan tara jama'a da sassafe a ƙofar gida, a raba goro, a yanka rago, liman ya yi addu'a, sa'an nan sanƙira ya ɗaga murya ya shaida wa mutane cewa an samu Hadiza, ko Rakiya, ko Sa'adatu. Wannan shi ne sunan yanka, kuma shi kaɗai ne sunan da za ta taɓa samu wanda aka zubar da jini dominsa, aka kafa shaidu a kansa. Abin mamaki, daga wannan rana har ta koma ga Mahaliccinta, babu sunan da za mu yi ta ƙoƙarin binnewa kamarsa. Idan sunan kakarta ta ci, sai a sakaya shi saboda alkunya, a riƙa ce mata Ummi ko Iya. Idan ta tasa, 'yar gidan wane ce. Ran da aka kai ta ɗaki ta zama amarya, in aka yi mata kishiya ta zama uwargida, in ta haihu ta zama maman wane, a unguwa kuwa matar Alhaji wane. Duk waɗannan sunaye aro ne, kuma masu iya magana sun riga sun gaya mana cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Namiji ma yana sauya suna, ba mu musa ba, amma shi nasa tari yake yi. Audu ya zama Malam Audu, ya je Makka ya dawo Alhaji Audu, kuma ko bai sake taka filin jirgi ba har ya mutu, Alhaji ne. Wanda ya yi kansila shekara biyu a zamanin da kowa ya manta, har gobe Onarabul ake ce masa a majalisa. Wanda aka sauke daga kujera yana da “tsohon” da zai jingina da shi: tsohon kwamishina, tsohon manaja, tsohon hedimasta. Ko da karayar arziki ta same shi, abokai suka janye jiki, masu gaisuwar safe suka ragu, Audun da ke tsakiyar laƙabin yana nan daram, ba mai iya zare shi. Ita kuwa mace, duk sunayen da muka jibga mata a rataye suke da igiya uku, bakin igiyar kuma yana hannun wani.

Bari mu ɗauki mace ɗaya. Ba sai mun ambaci sunanta ba, domin babu unguwar da ba ta da irinta, daga Fagge har Sabo ta Ibadan, daga Tudun Wadar Zariya har Agege. Shekararta goma sha takwas a ɗakin miji. Ita ce uwar adashin layinsu, a hannunta mata ke ajiye ɗan abin da suka tara. In amarya ta yi yaji, wurinta ake kai ta ta yi mata faɗa. In naƙuda ta tashi da tsakar dare, ƙofarta ake bugawa kafin a tafi neman mota. Abokan maigidanta in sun zo, daga zaure suke aiko da gaisuwa, in kuwa sun haɗu da ita a hanya sai su sunkuyar da kai su ce, “Hajiya, ina gajiya?” Sai wata ranar Talata, bayan 'yar gardama a kan kuɗin cefane, ko a kan abin da bai ma kai wannan ba, maigida ya yago takarda daga littafin lissafin yaro, ya rubuta layi biyu, ya miƙa wa yaron ya ce ya kai wa uwarsa.

To, me ya sauya tsakanin hantsin Talatar nan da la'asar ɗinta? Hannun da ya iya tuƙa tuwon mutum ashirin bai manta ba. Amanar da ta sa aka damƙa mata adashi ba a jikin takardar take ba, balle a ce ta yage tare da ita. Amma kafin wata ya mutu za a sami dalilin da zai sa a mai da adashin hannun wata. Ƙawar da suka shekara goma suna sa hannu a kwano ɗaya za ta fara duba lokacin da maigidanta ba ya nan kafin ta ce mata ta zo. Abokan mijin nan masu sunkuyar da kai, yanzu sun gano ashe tana da fuska. Wani zai tsai da mota ya tambayi inda ta koma, da wata irin murya da bai taɓa yi mata magana da ita ba. Ba mai sake kai mata amarya ta yi wa nasiha, wai wadda ta kasa riƙe nata me za ta koya wa wata? Shekara goma sha takwas ɗin da ta riƙe ba su shiga lissafi, ranar Talatar kaɗai ake ƙirgawa. An raɗa mata sabon suna ke nan, babu rago, babu liman, babu goro: bazawara.

Ta koma gidan ubanta, in yana da rai, ta tarar ɗakin da ta tashi a ciki an ba ƙanenta ya sa amarya. Gadonta da kujerunta da kwanukanta suna jibge a zaure, ko an rarraba su gidajen maƙwabta, ƙura da ɓera suna rabon su. Ita da ta saba ɗaukar mara ta raba wa kowa, yau sai ta jira matar ƙanenta ta zuba mata. In ta gaji da wannan ta fita neman ɗakin haya, tambayar farko da dillali zai yi mata ita ce, “Ina mijin?”

A nan ne harshenmu ke tona mana asiri. Idan muka ce likita mai zaman kansa, ko makaranta mai zaman kanta, yabo ne. Muna nufin abin da ya tsaya da ƙafafunsa, ba ya jiran kowa ya ba shi. Amma a ce mace mai zaman kanta, kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi, kuma ba za mu ɓata takarda wajen fassara shi ba. Kalmomi uku ne, ko wasali ɗaya ba a canza ba. Hukumar zaɓe ta ɗauke su ta yi ado da su, mace ta ɗauke su ta zama abin toshe hanci. Al'ummar da harshenta ba shi da hanyar ambaton macen da ke kwana a ɗakin da ta biya da guminta ba tare da ya zage ta ba, lalle ta yanke hukunci tun kafin a shigar da ƙara. Hukuncin kuma bai tsaya a fatar baki ba. Manyanmu suna tune da yadda akan yi a garuruwa da dama idan ruwan sama ya ɗauke, kamar a farin da aka yi a farkon shekarun 1970: sai a yi shela a ba matan da ba su da aure wa'adi, ko su yi aure ko su bar gari, sai ka ce su suka ɗaure hadari a bakin zane. Mazan da ke yi musu sallama bayan isha'i kuwa, da safe su ne a sahun gaba wajen roƙon ruwa.

Za a ce ai namiji ma ba a ƙyale shi ba, ga gwauro nan. Gaskiya ne. A Kano akwai tashen gwauro a watan azumi, inda Nalako, Sarkin Gwagware, da yaransa kan kamo wanda matarsa ta fita, a ɗaura masa igiya a zaga da shi ana kiɗa. Amma wasa ne, kowa ya san wasa ne. Salla na wucewa gwauro ya koma rumfarsa, kuma ba wanda zai hana shi bashi ko hayar ɗaki don an yi masa tashe. Tashen da muke yi wa bazawara ba shi da wata, ba shi da ganga, ba kuma wanda ke dariya.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda wannan kallo namu ke ratsa ta ya sami wuri a cikinta ya zauna. Ɗan Adam ba shi da madubin da ya wuce idon jama'a. In ta sa kwalli, an ce farauta ta fito. In ta bari, an ce har yanzu son sa ke cin ta. In ta yi dariya a gidan biki, ai da ma hanyar fita take nema. In ta yi shiru, ta cika ƙunci, shi ya sa ta kasa zama. A hankali sai ta fara auna kowane motsi nata da mudun da muka ba ta. Ta daina sa baki a taron dangi, ko an tambaye ta sai ta ce, “Ni me na sani?” Ta koma zama a gefen tabarma, ita da tsakiya ce wurinta. Matar da ta yi shekara da shekaru tana sasanta mutane sai ga ta tana neman afuwa a kan laifin da ba a gaya mata ko mene ne ba. Duk sunan da aka daɗe ana kiran mutum da shi, wata rana zai amsa, ran da ta amsa kuma sai mu ce, “Ga shi nan, da ma mun faɗa.” Daga nan ake samun auren huce haushi. Sai ta karɓi duk wanda ya fara sallama, ba don ta hango alheri tattare da shi ba, sai don ta tuɓe wannan suna ta huta. Bayan wata shida ta dawo da wata takardar, sunan ya ƙara nauyi, yanzu kuma an ce ba ta zaman aure.

Akwai masu cewa mata su suka fi kowa gallaza wa bazawara, don haka a daina ɗora wa maza. Rabin maganar gaskiya ce. Uwar miji ce ke cewa a'a, ƙawa ce ke rufe ƙofa, matan unguwa ne ke yi da ita a gidan suna. Amma a tambayi dalili mana. Matar da ta san ita ma zanen da ke jikinta na aro ne, yaya ba za ta firgita ba in ta ga wadda aka tuɓe wa nata? Tana kallon bazawara tana ganin abu biyu a lokaci ɗaya: kishiyar gobe, da kuma kanta jibi. Tsoro ne ya yi shigar ƙyama. Wanda ya riƙe bakin igiyar bai isa ya tsaya gefe yana mamakin yadda waɗanda ya ɗaure suke turereniya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa muke yi matar nan ba ta sauya ba. Ta sauya ƙwarai. Wanda ya ga an rushe ɗakin da ya gina da hannunsa ba zai sake kallon gini kamar da ba. Ta san abin da budurwa ba ta sani ba. Ta san daɗin baki da inda yake ƙarewa, ta san kuɗin buhun masara, ta san halin dangin miji. Gardamarmu a kan alƙiblar sauyin take. Mu mun ce ƙasa ta yi, shari'ar da muke tinƙaho da ita kuwa ta ce sama ta yi. Duk ɗalibin da ya karanta babin aure a Risala ta Ibn Abi Zaid, a zaure ko a aji, ya san cewa a mazhabar Malikiyya uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, kuma inda ake neman izinin budurwa shirunta ya wadatar. Amma baligar sayyiba, watau wadda ta taɓa zaman aure, babu mai aurar da ita, ko da uban da ya haife ta ne, sai ta buɗe baki ta ce ta yarda. Ashe ke nan ranar da muka rage mata daraja a unguwa, a ranar ce shari'a ta ƙara mata iko a kan kanta. Hatta kwana ukun da ango kan yi a ɗakin bazawara maimakon bakwai na budurwa, wanda wasu ke kafa hujja da shi cewa farashinta ya faɗi, malamai sun bayyana cewa saboda ita budurwa baƙuwar al'amari ce, tana bukatar lokacin sabo. Rangwame aka yi wa mai koyo, mu kuma muka mai da shi tara a kan wadda ta iya.

Mu waiwayi gidan da muke cewa shi ne abin koyinmu. Nana Khadija ta yi aure sau biyu kafin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. 'Yar kasuwa ce mai dukiyar kanta, ita ta ɗora shi a kan fataucinta zuwa Sham, kuma daga ɓangarenta maganar auren ta taso. Ya zauna da ita ita kaɗai kimanin shekara 25. A cikin matansa duka, Nana A'isha ce kawai ya aura tana budurwa. Saudatu da Hafsatu da Ummu Salama mazajensu rasuwa suka yi, Ummu Salama ma da 'ya'yanta ta shigo. Zainab 'yar Jahshi kuwa sakin ta aka yi. Waɗannan su muke kira Iyayen Muminai, sunayensu muke raɗa wa 'ya'yanmu ranar da muke yanka ragon. Amma yau saurayi ya ce bazawara zai aura, sai ka ga mahaifiyarsa, wadda watakila ita ma Hadiza ce sunanta, ta ɗora hannu a ka tana salati, wai ɗanta bai taɓa aure ba zai kwaso ragowar wani.

Da a raini abin ya tsaya, da da sauƙi. Sunan yana tafe da asara wadda ake iya ƙirgawa. Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta har sai ta gama idda, in kuma sakin na kome ne, ci da sha da suturarta suna wuyan mijin har tsarki uku su cika. Mu nawa ne muka taɓa ganin an yi haka? Takarda da ƙafa tare suke fita, in ma ta tsaya sai a ce ba ta da zuciya. Akwai mut'a, kyautar sallama, wadda malamanmu suka ce mustahabbi ce mai saki ya bayar gwargwadon ƙarfinsa domin ya sanyaya mata rai. Mutumin da bai taɓa barin nafilar walaha ta wuce shi ba, in aka zo kan wannan mustahabbin sai ya tuna ai ba wajibi ba ne. Sa'an nan ga 'ya'ya. A Malikiyya renon yaro haƙƙin uwa ne har ya balaga, na yarinya kuwa har ta tare a gidan mijinta, uba kuma ya ci gaba da ciyarwa. In uwar ta sake aure, renon ya koma hannun mahaifiyarta tun kafin a waiwayi dangin uba. Al'ada ta ce ba ta san zancen ba, da an yaye sai aike ya zo: “A kawo mana ɗanmu.” Da haka ake ƙwace mata suna na ƙarshe da ya rage. Ana kiran ta maman Sani, Sani kuwa yana can wani gida yana yi wa kishiyar uwa wanke-wanke. Waɗannan hukunce-hukunce ba daga Landan aka yo odarsu ba, suna nan cikin Risala da Mukhtasar da Tuhfa, littattafan da alƙalanmu suka tashi a kansu. Mun faɗi haka ne saboda masu saurin cewa duk wanda ya buɗe baki a kan mata Turawa ne suka aiko shi.

Wadda mijinta ya rasu ita ma ba ta tsira ba, sai dai nata yana farawa da tausayi. Addini ya ɗora mata takaba wata huɗu da kwana goma, ba ado, ba turare, ba kwana a wani gida. Mu muka ƙara da namu: a wasu wurare a ba ta 'yar wuƙa ta riƙe, a hana ta wanka sai ranar Juma'a, a ce kada a ji muryarta. In aka zo rabon gado tana da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu. In su huɗu ne su raba tumunin, kowace ta tashi da ɗaya bisa 32. Ba mu da ja da rabon Allah. Abin da muke ja da shi shi ne a lissafa gidan nan duka cikin dukiyar mamaci, alhali da kuɗin adashinta da na awakinta aka yi masa rufi, kawai don ba ta taɓa tunanin neman rasit daga hannun mijinta ba. In kuwa ta sake aure shi ma na biyun ya rasu, ko kasuwarsa ta karye, to ta sami wani sabon sunan: mai farar ƙafa.

Wani zai ce muna zuzutawa, ai a ƙasar Hausa bazawara tana sake aure cikin sauƙi fiye da wurare da yawa. Haka ne, kuma tsohuwar al'ada ce. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a lardin Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, aure huɗu ta yi, ba ta kuma taɓa haihuwa ba, amma ta tsufa da mutuncinta, ta riƙe 'ya'yan dangi, ana jin maganarta. Sai dai duniyar Baba duniyar gandu ce da gida mai sassa da yawa, inda 'yar gida ba ta rasa ɗaki, rumbu bai rasa damin da za a ƙara dominta, ga kaɗi ga man gyaɗa ga ƙuli-ƙuli tana juya abinta. Ina wannan gida yake yau? An raba gado an sayar, 'ya'ya sun watsu cikin haya. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antun Bompai da Sharaɗa da masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, uban da za a koma wurinsa shi ma ɗan fansho ne mai ciki da falo. Mun riƙe saurin sakin zamanin Baba gam, mun yar da gidan da ke tarbar wadda aka saka.

A watan Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya fitowar zawarawa kan titunan Kano domin a ga yawansu, a ji kukansu. Hukumar Hisba ta hana, bisa hujjar cewa abin kunya ne kuma ya saɓa wa addini. Watau abin kunyar shi ne a gan su, ba yadda aka yi suka taru haka ba. Bayan shekara uku, a 2012, gwamnatin jihar ta fara shirin auren zawarawa da ma'aurata 100. A 2013 aka ɗaura 1,111 a tashi ɗaya. A watan Oktoban 2023 kuma aka ɗaura 1,800, har da 'yan mata a ciki. An biya sadaki, an yi kayan ɗaki, an ba da ɗan jari, an yi gwajin lafiya. Ba mu raina wannan ba, kuma duk wadda ta sami natsuwa ta wannan hanya muna taya ta murna. Amma mu saurari abin da shirin ke faɗa a ƙarƙashin kiɗan: maganin bazawara shi ne a yi maza a mai da ita matar wani, a sake aro mata zane. Yaushe za a tara maza 1,800 a masallacin Juma'a a tambaye su ina kuɗin iddar matan da suka saka, ina kuma abincin 'ya'yan da suka bari?

Mu ma masu riƙe da alƙalami a jami'a hannunmu ba a wanke yake ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure ba ta wuce shekara 13 ba, auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Ta koma ajin ilimin manya ta kama karatu, har ta kai ga sunanta ne a bangon littafi, ba matar wane ba. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, aka kuma buga fassararsa ta Ingilishi a Indiya a 2012, ta ba da labarin Rabi, wadda mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda sabuwar mata. Rabi ta kama sayar da abinci, ta tsai da gidanta, ta aurar da 'yarta. Amma da dukiyar mijin ta salwanta, sai aka taru aka matsa mata ta koma masa. Marubuciyar ta san mu sarai: mace ta ciyar da mutum tara da hannunta, duk da haka hankalinmu ba ya kwanciya sai mun ga ta koma matar wane. Me muka yi da irin waɗannan littattafai a shekarun 1990? Mun raɗa musu “adabin kasuwar Kano,” muka cika jaridu da gardamar ko adabi ne ko ba adabi ba ne, alhali matan suna gaya mana abin da ke faruwa a ɗakunan da ba ma shiga. Ashe mu ma gwanaye ne wajen raɗin suna ba rago.

Abin da muke nema bai taka kara ya karya ba. Alƙali ya yi hukunci da littafin da ke gabansa, ya ƙi sa hannu a kan mutuwar aure sai an yanke inda za ta yi idda da abin da za a ba 'ya'ya kowane wata. Limamin da ya iya yin huɗuba huɗu a kan tsawon hijabi ya ba hukuncin reno ko da Juma'a ɗaya ce. Mai gidan haya ya tambaye ta abin da yake tambayar namiji, watau sana'a da kuɗin shekara. Mu kuma, in za mu nuna ta a taro, mu ce ga Hadiza mai ɗinki, ga Malama Rakiya, mu bar tarihin igiyarta ga wanda ya zo neman aurenta.

Shi kuwa wancan mai yago takarda daga littafin yaro, kada a ce Hausa ba ta tanadar masa suna ba. Ta tanada: mai auri-saki. Sai dai suna ne mara haƙora. Ba ya hana shi haya, ba ya hana shi sahun farko, ba ya hana a naɗa shi wakilin ango ko a kira shi sasanta ma'aurata. Ya saki huɗu, kowa ya sani, amma ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe sha ɗaya za mu sa manyan riguna mu taru a ƙofar wani gida, a ba shi 'yar shekara goma sha bakwai. Za mu karɓi goro da alawa, mu shafa fatiha. Sanƙira zai miƙe ya kira shi da cikakken sunansa na yanka, haɗe da na ubansa da na kakansa, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, mu kuma mu ce amin.